Jirgin da Za Ka Zaɓa a Yauri

Jos Jarawa,
Ranar Lahadi.

Ɗana Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina kuma roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda kana cikin ƙoshin lafiya, ko kana bayan mota, ko ka riga ka sauka gidan baffanka Umaru a Yauri. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba da motarsa, ya sauke ka lafiya inda ka nufa. Na ba innarka takardar ta cusa maka cikin kayanka, domin ka san halina. In muna zaune ido da ido magana ba ta fitowa, sai in ɓuge da tambayarka ko ka ɗaure jaka da kyau.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka bar shi. Maganar jirgi ce. Ka ce da ka isa za ka nemi ƙaramin kwale-kwale naka na kanka, ka shiga su a tafkin Kainji. Na ji daɗin maganar fiye da yadda fuskata ta nuna maka. Amma ni mahaifinka sau biyu na mallaki jirgi a rayuwata, sau biyun kuma na yi kuskure, na biyun ma saura kaɗan ya ci ran mutum. Ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin ba. Ga shi yau.

Na farko ina ɗan shekara goma sha tara, a Yauri, tun kafin in taho Jos aikin kuza. A lokacin akwai wani tsoho Banufe a bakin kogi, masassaƙin jirgi, ana ce masa Baba Ndako. Isiyaku, ban ƙara ganin mai hannu irin nasa ba. Gajere ne, ba ya son surutu, gizagonsa kuwa ya fi wuƙar wanzami kaifi. In yana rarake gungume ba ya auna kauri da komai. Sai ya ɗora tafin hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ya bi jikin itacen a hankali idonsa a rufe, ya ce nan da saura, nan ya isa. Mu samari mukan bar aikinmu mu zauna a kan yashi muna kallonsa har rana ta take.

Ranar da na je sayen jirgi na tarar da guda biyu a gaɓa. Ɗaya nasa ne, na maɗaci, baƙi-baƙi, ba ado ko ɗigo. Ɗayan wani falke ne ya kawo daga kudu, ya fi tsawo, an shafe shi da fenti shuɗi da ja, har da zanen tauraro a goshi. Idona ya maƙale a kansa.

Na ce, "Baba, wannan fa, yaya ka gan shi?"

Ya ce, "Ba ni na sassaƙa shi ba, ɗana, ba kuma zan ɓata aikin wani ba. Ɗauki dutsen nan ka ƙwanƙwasa gindinsa, sannan ka zo ka ƙwanƙwasa nawa."

Na yi. Mai fentin ya yi wata ƙara a dushe, kamar ka bugi jiƙaƙƙen buhu. Nasa kuwa ya amsa tangararau. Wallahi na ji bambancin, kunnena bai yi mani ƙarya ba. Amma ina so 'yan matan da ke wanki a mashigi su ga jirgina tun daga nesa su san wane ne ke tafe. Na sayi mai fenti. Baba Ndako ya koma kan gizagonsa.

Ashe na rimi ne, itacen da ke shan ruwa kamar soso. A ƙarƙashin fentin kuma akwai tsaga mai tsawon hannuna, an cusa mata tsumma an bi da kwalta. Damina ɗaya bai ƙarasa ba. Na wayi gari ina kwashe ruwa da ƙwarya fiye da yadda nake jan koma, jirgin ya yi nauyi, in na tuƙa sai ya riƙa karkata gefe ɗaya kamar jaki mai ɗingishi. A ƙarshe kakanka ya ja shi bayan gida ya mai da shi kwamin shayar da awaki. Na ji kunyar bin hanyar da Baba Ndako ke aiki, na riƙa zagayawa ta bayan kasuwa. Shi da kansa ya aiko a kira ni. Bai yi mani dariya ba, bai ce ai na gaya maka ba. Ya nuna mani wani tsohon jirgi da ke kife a inuwa ya ce, "Ja wannan ka ci gaba da sana'arka. Saurayi ba ya zama a tudu." Shi kuwa na maɗacin da na ƙi, wani abokina ne ya saya. Baffanka ya ce mani bayan shekara ashirin yana nan a ruwa.

Don haka in ka je, kada ka sayi jirgin da ba ka kife shi ka ga cikinsa da bayansa ba. Ka ƙwanƙwasa shi daga goshi har wutsiya. Inda ka ga fenti ya yi kauri, ka sa wuƙa ka ɗan kankare. Ka tambayi itacensa. In ka sami maɗaci ko kawo, ka gode Allah. Na ji an ce yanzu na katako sun yi yawa, waɗanda ake haɗawa da ƙusa, har da masu inji a baya. Ban san su sosai ba, amma ka duba mahaɗar katakan ɗaya bayan ɗaya, ka kuma nemi a bar shi a ruwa wuni guda ka ga nawa ya sha. Mai jirgin da ya ce ba za a kife masa jirgi ba, ka gaishe shi da kyau ka yi gaba. In kuwa Allah ya haɗa ka da tsoho irin Baba Ndako, wanda zai nuna maka ya bar ka ka ji da kunnenka, to ka bi abin da kunnen ya ji.

Na biyun a nan ya faru, kana da shekara biyar. Lokacin ina kula da injin jan ruwa a wani filin kuza kusa da Kuru, ni da Baba Dung, wanda ka sani sarai, yau ma shi zai riƙe maka jaka zuwa tasha. Ramukan da aka gama haƙa sun cika da ruwa sun zama tafkuna, wani ya zuba musu karfasa da tarwaɗa, suka hayayyafa. Ni da Dung mukan zauna a baki da fatsa ranar Asabar. Shi ɗan Kuru ne, manomin acca da dankali, bai taɓa ganin kogin da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba. Ni nake ba shi labarin Kwara, shi yake ba ni labarin duwatsu.

Akwai wani Bature injiniya, muna ce masa Mai Lofe. Yana da wani jirgi da ban taɓa ganin irinsa ba, har yau in na tuna shi sai in ji ina murmushi. A jaka biyu yake ɗauko shi daga bayan mota. Ya fito da 'yan sanduna sirara ya harhaɗa su kamar ƙasusuwan kifi, ya lulluɓe da tamfol mai kauri, sai ga jirgi. Samansa a rufe yake, sai rami biyu inda mutum zai zura ƙafafu ya zauna. Filafilinsa kuma baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. In ya shiga ruwa ba ka jin motsi, sai ka ga yana yanka tafkin kamar almakashi a yadi. Mutum ɗaya yana iya saɓa shi a kafaɗa. Na ce a raina, duk wanda ya ƙago wannan abu, Allah ya ba shi basira irin ta Baba Ndako, ƙasa ce kawai ta bambanta.

Da zai koma ƙasarsu ya lura da yadda nake kallon jirgin, sai ya bar mani shi kyauta. Ya sa kukunsa ya fassara mani magana ɗaya har sau biyu: a zaune ake tuƙa shi, ba a miƙewa a ciki. Na ce to, na ji. A zuciyata kuwa cewa nake, ni da aka haifa a bakin Kwara wani zai koya wa zaman jirgi?

Na kawo shi gida na haɗa a tsakar gida, maƙwabta suka taru. Innarka ta zagaya shi sau ɗaya, ta leƙa ramin zaman, ta ce, "Malam, abin da kyau. Amma ina za ka zuba kifin? Kuma a ina za ka tsaya ka jefa ragar birgi?"

Na ce, "Ke da aka haifa a kan dutse, me kika sani a sha'anin jirgi?"

Ta juya ta koma madafi. Wannan amsa tana cikin maganganun da na fi jin kunyarsu a rayuwata, domin tambayoyinta biyu su ne gaba ɗayan ilimin zaɓen jirgi.

Asabar ta zagayo, da hantsi muka sa jirgin a wani tafki mai zurfi, wanda bangonsa ya miƙe tsaye kamar rijiya, sai gefe ɗaya kawai da shanu ke gangarawa su sha. Dung a gaba, ni a baya, birgina a kan cinya. Muka kai tsakiya cikin ƙiftawar ido, Dung yana ta dariya yana cewa wannan ya fi keke daɗi. Sai na hango karfasa sun taso suna wasa a saman ruwa. Jinin masunci ya motsa. Na zaro ƙafafuna na miƙe, na juya jiki zan jefa. Ban ma saki birgin ba jirgin ya kife.

Na taso ina tofar da ruwa, har ina shirin yin dariya. Na duba ban ga Dung ba.

Isiyaku, ban taɓa tambayarsa ko ya iya iyo ba. A Yauri yaro yana iyo kafin ya iya ɗaura wando, sai na ɗauka haka duniya take. Na nutsa, ruwan kore ne, ga sanyi kamar ana soka allura, ban ga komai ba. Na taso na ja numfashi na koma. A na uku hannuna ya taɓa wuyan rigarsa. Na ja shi sama, na ɗora hannuwansa a bayan jirgin da ke kife, na riƙa tura mu da ƙafa zuwa mashayar shanu. Ƙarfina ya ƙare saura kamar taku goma. Wani Bafulatani da ya kawo garkensa shi ya shigo ruwa har ƙirji ya miƙo sandarsa, na kama, ya jawo mu. Ko sunansa ban tambaya ba, kullum kuwa ina sa shi a addu'a.

Muka kwantar da Dung a kan ciyawa, na danna cikinsa, ya yi ta aman ruwa. Da ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, "Mamman, gidan kifi ba wurin zama ba ne. Sanyi ya yi yawa a ƙasa."

Ni kuwa na daka masa tsawa, "Don me ba ka gaya mani ba ka iya ruwa ba?"

Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye ni? Na ga kai ne oga a ruwa. Na ce tunda ka ce in shiga, lafiya ne."

Shekara goma sha bakwai ke nan, maganar nan ba ta bar kunnena ba. Duk wanda ya taka jirginka ya danƙa maka ransa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ka tambaye shi tun yana tudu, kada ka ji nauyi, ko da ya girme ka.

Kuma ka lura, jirgin Mai Lofe ba shi da laifi. An yi shi don gudu da shan iska da jefa fatsa a zaune, a nan kuwa ba shi da na biyu. Ni ne na ɗora masa aikin da ba nasa ba. Saboda haka kafin ka dubi kowane jirgi, ka fara yanke wa kanka irin sun da za ka yi. In birgi za ka jefa, sai mai faɗin ciki da shimfiɗaɗɗen gindi, wanda za ka tsaya ka juya bai yi gardama ba. In ragar kalli za ka shimfiɗa ko ƙugiyoyin mamari, ka duba wurin ajiye raga da wurin zuba kifi, ka kuma bar wa ƙafafunka fili. Siriri yana da gudu, amma gudu ba ya cika kwando. Sannan ka tuna ruwan da na sani ba shi za ka tarar ba. Ni kogi na bari, kai tafki za ka samu. Baffanka ya ce in iska ta taso igiyar ruwa takan yi tsawon mutum, kuma akwai itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa suna jiran gindin jirgi. To ka nemi mai ɗan tsawon bango, ka tambayi waɗanda suka shekara goma a kan tafkin, maganarsu ta fi tawa. Kafin ka ce ka saya, ka shiga da shi inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ka tsaya, ka jijjiga shi, ka kife shi da gangan, ka ga ko za ka iya juyo da shi ka hau kai kaɗai. Masu kallo za su yi dariya, ka bar su su yi. In kuma wani ya yi maka tambaya mai sauƙi irin ta innarka, kada ka dubi inda aka haife shi, ka amsa tambayar.

Saura kuskure na uku. Wannan ba na zaɓen jirgi ba ne, amma ya fi sauran nauyi, kuma kai ya shafa.

Tun daga ranar na naɗe jirgin na jefa a ɗakin ajiya har gara ta cinye sandunan. Na rantse ni da ruwa sai na alwala. Bayan mako biyu sai ga Dung a ƙofar gida, ya ce in zo in koya masa iyo. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to shi ke nan. Mutumin nan da ya ga mutuwa da idonsa, shi kaɗai ya koma mashayar shanun, ya ɗaura gora biyu a ƙirji, ya yi ta fantsama har ya iya. Sannan ya tattaro katakan da aka zubar a filin kuza, ya haɗa wani jirgi mai kama da ƙyauren ɗaki, ya shafe da kwalta. Mummuna ne ƙwarai, amma bai taɓa kifewa ba, kuma da shi ya ciyar da 'ya'yansa kifi har suka girma. Ni ɗan masunta na gudu, manomin acca ya tsaya. Ban san namijin da ya fi shi zuciya ba.

Kai kuwa na hana ka ko leƙa tafki. Ka tuna ranar da ka dawo da jiƙaƙƙen wando kana shekara tara, na mare ka a gaban ƙannenka? Ba kai na mara ba, tsorona na mara, amma kumatunka ne suka ji zafin. Ka yafe mani. Na riƙa gaya wa kaina kiyaye ka nake yi, alhali kuwa hana ka nake abin da zai cece ka in ka faɗa. Kada ka yi irin wannan. Wata rana jirginka zai kife, babu masuncin da bai sha ba. In Allah ya fid da kai, ka zauna ka gano abin da ya jawo, ka gyara, washegari ka koma. In ka haifi naka kuma, ka sa su a ruwa da hannunka.

Watan jiya, da ka ce mana ka bar garejin da kake aiki za ka tafi Yauri, ban hana ka ba, amma abinci ya daina shiga mani. Na hau keke na tafi Kuru wurin Dung, na ce masa, "Yaron nan zai tafi babban ruwa, ko iyo bai iya ba, kuma ni na jawo." Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Mamman, zo ranar Asabar da safe. Amma ka ɓuya, kar ya gan ka."

Na zo. Na tsaya a bayan itatuwan turaren da ke kan tudu. Sai ga ka, ka tura ƙyauren nan nasa cikin ruwa, ka haye ba tare da ya ko girgiza ba. Ka tuƙa zuwa tsakiya, ka ajiye filafili, ka miƙe. Na ga yadda ka kafa ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a sake. Ka juya ka saki birgi, ya buɗe a sama da'ira cikakkiya kamar faifai, ya sauka a ruwa gaba ɗaya lokaci guda. Haka kakanka yake jifa. Ni kaina ban taɓa yin mai kyan wannan ba. Da ka gama kuma ka tuɓe riga ka faɗa ruwan, ka ƙetare tafkin ka dawo, don nishaɗi kawai. Na zauna a gindin itace na rufe fuska da hula, na daɗe ban tashi ba.

Daga baya Dung ya gaya mani shekara goma sha biyu ke nan yana koya maka, duk Asabar ɗin da nake zaton kana wurin ƙwallo. Ya ce innarka ce ta kawo ka da kanta ta ce masa, "Baba Dung, jinin ruwa ne da yaron nan, ko an hana shi zai je. Gara ya je wurin wanda zai kula da shi." Na dawo gida na dube ta tana tankaɗe, sai na ce sannu da aiki. Ta ce yauwa, Malam. Ina jin ta gane.

Ban yi fushi ba, ko kaɗan. Mutum biyu sun yi maka abin da ya kamata in yi, sun kuma rufa mani asiri shekara da shekaru. In ka tashi rubuto takarda, ka fara rubuta wa Baba Dung kafin ni, ya cancanta. Kifin farko da ka kama kuma ka sa a yi bandarsa ka aiko wa innarka.

Ka tafi da yardata, cikakkiya, ba rabi ba. Ka gaida baffanka da iyalinsa, ka bi maganarsa a kan ruwa. Kada ka fita in sama ta haɗe, kada ka bar salla don kifi yana ci. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa, ya kiyaye ka daga iska da dorina da abin da ido ba ya gani. Allah ya sa albarka a ragarka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

In ka sami jirgin, ka rubuto mani tsawonsa da faɗinsa da irin itacensa. Ina so in san abin da ke ɗauke da ɗana.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Mamman.